YADDA MAIƘO KE TAFIYA CIKIN JININ MUTUM

Bayani ga Hakimai da Magatakardansu

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai, da magatakardansu, da sauran malaman da ke aiki tare da su. Dalili kuwa shi ne, a zamanin nan ba wuya a ji wane ya tafi asibiti an ɗibi jininsa, likita ya ce maiƙo ya yi masa yawa, ya ba shi takarda mai haruffa LDL da HDL. Sai ya komo gida da ita bai san abin da ta ƙunsa ba, wanda zai fara tambaya kuwa sau da yawa magatakarda ne. Har wa yau a kan ga magidanci da ƙarfinsa ya faɗi farat ɗaya, ɓarin jikinsa ya shanye, ko kuwa ya dafe ƙirji ya cika kafin a kai shi ga likita. Waɗansu su ce iska ce, waɗansu su ce sammu ne. Alhali sau da yawa ciwo ne wanda ya yi shekaru yana ginuwa cikin jijiyoyin jini, wanda kuma da an sani da wuri da an yi masa rigakafi. In shugabanni suka fahimci al'amarin, talakawa ma za su fahimta.

1. ABIN DA A KE NUFI DA MAIƘO

In mun ce maiƙo cikin wannan takarda muna nufin man gyaɗa, da manja, da man shanu, da kitsen nama, da duk abin da ya yi kama da su. Kada wani ya ɗauka maiƙo abokin gaba ne. Jiki ba ya rayuwa sai da shi. Iri biyu ne ya kamata mai karatu ya riƙe.

Na fari shi ne maiƙon ajiya. Shi ne mafi yawan abin da ke cikin mai da kitse, shi ne kuma rumbun jiki. Ƙarfin da ke cikin giram ɗaya nasa ya ninka na giram ɗaya na sukari ko garin hatsi sau biyu har da ɗoriya. Jiki ya kan ƙone shi ya sami ƙarfin aiki, abin da ya ragu ya ajiye a ƙarƙashin fata da kewayen kayan ciki domin ranar yunwa.

Na biyu shi ne kolestarol. Wannan kamar kakin zuma ya ke, jiki kuwa ba ya ƙona shi, gini ya ke yi da shi. Kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum da shi a bangonta. Da shi hanta ke yin ruwan matsarmama, da shi a ke yin sinadaran da ke bambanta namiji da mace. Tsakanin humusi da rubu'in dukan kolestarol na jiki a ƙwaƙwalwa ya ke. Mafi yawansa jiki ne ke yi da kansa, kusan giram ɗaya kullum. Wanda a ke ci kuwa daga dabba kaɗai ya ke fitowa, kamar ƙwaƙwalwa, da hanta, da ƙoda, da gwaiduwar ƙwai.

2. MAI DA RUWA BA SA GAURAYA

Duk wanda ya taɓa ganin an zuba manja cikin ruwa ya san ba sa haɗuwa. Ko an kaɗa su, da an bari sai man ya taru ya hau sama. To, baligi yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, watau galan guda da 'yan kai. Fiye da rabinsa ruwan jini ne, wanda kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne zalla. Da a ce maiƙo zai shiga jini tsirara, da ya dunƙule ya toshe ƙananan jijiyoyi. Amma ga shi kullum muna cin mai, kullum kuwa yana kaiwa ko'ina cikin jiki. Ta ƙaƙa?

A dubi madarar shanu. Akwai mai cikinta, amma ido ba ya ganinsa, gama ya rarrabu cikin ɗigo ƙanana, kowane ɗigo da 'yar rigarsa wadda ta hana shi mannewa da ɗan'uwansa. Sai Bafillatana ta kaɗa nonon, rigunan nan sun yayyage, sa'an nan man shanu ke taruwa.

Irin wannan hikima Allah Ya sanya cikin jini. Jiki ya kan ƙunshe maiƙo cikin ƙunshi ƙanana masu siffar ƙwallo. A tsakiya a ke zuba maiƙon ajiya da kolestarol. A waje kuwa akwai wata riga ta wani irin maiƙo mai fuska biyu, fuska ɗaya tana son mai, ɗaya tana son ruwa, kamar yadda sabulu ya ke. Fuskar da ke son mai ta dubi ciki, wadda ke son ruwa ta dubi jini. Bisa rigar nan kuma an manna furotin, wanda shi ne kamar hatimi a kan wasiƙa. Shi ke nuna inda ƙunshin ya fito, da ƙofar da za a buɗe masa. Wannan ƙunshi, da maiƙonsa da rigarsa da hatiminsa, shi likitoci ke kira lifofurotin, ma'ana maiƙo haɗe da furotin.

Mai ya fi ruwa rashin nauyi, furotin kuwa ya fi ruwa nauyi. Saboda haka ƙunshin da maiƙo ya yi masa yawa ba shi da nauyi, wanda furotin ya yi masa yawa kuwa yana da nauyi. Bisa ga wannan aka raba su aka ba su suna. VLDL shi ne marar nauyi ƙwarai, LDL marar nauyi, HDL mai nauyi. Akwai kuma wanda ya fi su duka girma da rashin nauyi, sunansa kailomaikuron. Za mu bi su ɗaya ɗaya kamar yadda a ke bin ayarin fatake daga zango zuwa zango.

3. AYARIN HANJI

A ce mutum ya ci tuwo da miyar kuka wadda aka sa wa man shanu. Sa'ad da abincin ya bar tumbi ya shiga ƙaramin hanji, sai matsarmama ta matso ruwanta mai ɗaci. Ruwan nan ya farfasa man ya zama ɗigo ƙanana. Sa'an nan wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda a ke kira fankiriyas, ta zubo sinadarin da ke yanyanka maiƙon gunduwa gunduwa, har bangon hanji ya iya tsotse shi.

A cikin bangon hanji a ke sake harhaɗa maiƙon, a ƙunshe shi, a buga masa hatimi. Wannan ƙunshi shi ne kailomaikuron. Kusan kashi 9 cikin 10 na nauyinsa maiƙon ajiya ne. Ko da ya ke shi ne babba cikinsu, sai an jera dubu na manyansa kafin su cika milimita guda.

Saboda girmansa ba ya iya shiga ƙananan jijiyoyin jini na hanji. Sai ya bi wata hanya dabam, watau hanyoyin farin ruwa, waɗanda ke haɗuwa su zama bututu ɗaya, ya hau ta cikin ƙirji, ya zuba cikin babbar jijiyar jini a gindin wuya ta hagu. Wani likitan Italiya, Gaspare Aselli, shi ya fara bayyana waɗannan hanyoyi. A shekarar 1622, a birnin Milan, ya buɗe cikin wani kare wanda bai daɗe da cin abinci ba, ya ga waɗansu zarurruka farare fat, da ya huda ɗaya sai ruwa kamar madara ya fito. A 1651 Jean Pecquet, mutumin Faransa, ya nuna inda bututun ke zubawa.

Da ayarin ya shiga jini sai ya fara sauke kaya. A bangon ƙananan jijiyoyin da ke ratsa tsoka, da zuciya, da kitse, akwai wani sinadari da ke tsaye yana jira. Shi ke kama ƙunshin, ya kwance maiƙon ajiya, ya miƙa wa tsoka ta ƙone, ko ya miƙa wa kitse ya ajiye. Ƙunshin ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama saura, hanta ta duba hatiminsa ta haɗiye shi. In aka ɗibi jinin mutum awa uku ko huɗu bayan ya ci abinci mai maiƙo da yawa, a kan ga ruwan jinin ya yi fari fari. In ya kwana bai ci kome ba sai a tarar ya washe.

Ayarin nan ba maiƙo kaɗai ya ke ɗauka ba. Bitamin A, da D, da E, da K duk cikin mai su ke narkewa, tare da shi kuma su ke shiga jiki. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, har ya kan makantar da yara. Don haka ganyen zogale, ko alayyafo, ko kabewa sun fi amfanin jiki in an sa musu ɗan mai.

4. AYARIN HANTA

Mutum ba kullum ya ke cikin cin abinci ba, amma zuciya da tsoka ba sa hutawa. In ciki ya zama wofi, kamar cikin dare ko da rana a watan azumi, kitse ya kan buɗe rumbunsa ya saki gutsattsarin maiƙo. Waɗannan su kan hau bayan wani furotin na jini mai suna albumin, ya kai su ga tsoka da hanta. Hanta kuwa tana da nata ayari wanda ta ke fitarwa dare da rana, shi ne VLDL. Tana cika shi da maiƙon ajiya da kolestarol, ta buga masa wani babban hatimi mai suna Apo B, guda ɗaya tak ga kowane ƙunshi, ta sake shi cikin jini.

A nan akwai abin lura. Hanta tana iya yin maiƙo daga abin da ba maiƙo ba ne. Mai kiwon ragon layya ba ya ba shi mai, sai dusa da harawa da ƙaiƙayi, amma ran yanka sai a tarar da kitse jibge. Haka mutum. In ya ci sukari, ko farar shinkafa, ko burodi fiye da abin da jikinsa zai ƙone, hanta ta kan juya ragowar ta zama maiƙo, ta loda wa VLDL. Saboda haka wanda ya bar kitsen nama amma ya riƙe shayi mai sukari cokali huɗu da lemon kwalba kullum, bai tsira ba. Giya ma tana ƙara wannan maiƙo.

5. LDL, MAI RABA KOLESTAROL

VLDL yana sauke maiƙon ajiya a zangon da ayarin hanji ke saukewa. Sa'ad da ya rage kaya, hanta ta kan janye wajen rabin ƙunshin. Sauran su ci gaba da ƙanƙancewa har kusan ba abin da ya ragu cikinsu sai kolestarol. Wannan ragowa ita ce LDL. Ƙarami ne ƙwarai, sai an jera wajen 45,000 kafin su cika milimita guda. Duk da haka wajen kashi biyu cikin uku na kolestarol da ke cikin jini a bayansa ya ke. Ayarin hanji ba ya daɗewa cikin jini, amma LDL ya kan yi kwana biyu ko uku yana kewaya.

Ƙwayar jikin da ke bukatar kolestarol ta kan fitar da waɗansu 'yan ƙugiyoyi a bangonta, waɗanda ba sa kama kome sai mai hatimin da suka sani. Ƙugiya ta kama LDL, ta ja shi ciki, ta sake shi, ta komo waje ta kama wani. Mafi yawan ƙugiyoyin nan a hanta su ke, ita ce kuwa ke kwashe wajen kashi 70 cikin 100 na LDL daga jini. In kolestarol ya ishi hanta sai ta rage ƙugiyoyinta, LDL ya taru cikin jini. In ya yi mata ƙaranci sai ta ƙara su, LDL ya ragu. Wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe asalin al'amarin duka, gama a kanta abinci da magani su ke aiki. Waɗansu likitoci biyu na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano ƙugiyoyin nan a 1973 da 1974, aka ba su kyautar Nobel a 1985.

6. HDL, MAI KOMO DA RAGOWA

Ƙwayoyin jiki ba sa iya ƙone kolestarol in ya yi musu yawa. Tilas a komo da shi hanta. Wannan aikin HDL ne. Hanta da hanji su ke fitar da shi kusan wofi, kamar jakar da ba kome ciki. Ya yi ta zagaya yana karɓar ragowa daga ƙwayoyin jiki, har da na bangon jijiyoyi, ya cika ya zama ƙwallo, ya kai wa hanta. Hanta ta zuba wani cikin ruwan matsarmama, wani kuma ta juya shi ya zama gishirin matsarmama. Mafi yawan gishirin nan hanji ya kan sake tsotsewa, kaɗan ke fita tare da bayan gida. Wannan ita ce babbar ƙofar da kolestarol ke barin jiki ta cikinta.

Saboda haka mutane ke ce wa HDL mai kyau, LDL kuwa mugu. Amma a yi hattara da wannan magana. Kolestarol ɗin da ke cikinsu iri ɗaya ne, masu ɗaukarsa ne suka bambanta. An kuma gwada magungunan da ke ƙara HDL ƙwarai, yawancinsu ba su rage ciwon zuciya ba. Rage LDL kuwa an tabbatar yana ragewa. Kada wanda LDL ɗinsa ya hau ya sake jiki don HDL ɗinsa na da yawa.

7. INDA ƁARNA KE AUKUWA

Jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciya suna da wata shimfiɗa mai santsi a ciki. Saboda ƙanƙantarsa LDL ya kan ratsa shimfiɗar nan ya shiga bangon jijiya. In ya yi yawa cikin jini, mai shiga ya fi mai fita, ya maƙale ya lalace. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, su zo su haɗiye shi har su kumbura su mutu a wurin. Shekara da shekaru sai wurin ya zama tudu mai ɗauke da maiƙo a ciki da ɓawo a bisa. Hawan jini, da hayaƙin taba, da ciwon sukari duk suna raunana shimfiɗar, su sa aikin ya yi sauri.

Tudun nan ya kan soma tun mutum yana saurayi, ba ya kuwa yin zafi. Wani lokaci ya ƙuntata hanya, mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya hau tudu ko ya yi sauri. Wani lokaci ɓawon ya fashe, jini ya yi guda a wurin, hanya ta toshe nan take. In jijiyar da ke ciyar da zuciya ce, wani sashe na zuciya ya mutu. In ta ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki ya shanye.

Ba da ka a ke faɗin wannan ba. A 1913 Nikolai Anichkov na ƙasar Rasha ya ciyar da zomaye da kolestarol, ya tarar da irin tudun nan a jijiyoyinsu. A 1929 Michel Macheboeuf ya fitar da lifofurotin daga jinin doki a birnin Faris. A 1950 John Gofman na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya rarrabe ƙunshin nan da wata na'ura mai juyi da tsananin sauri, ya nuna marasa nauyi ne suka fi yawa a jinin masu ciwon zuciya. A garin Framingham na Amurka kuma, tun 1948 aka ɗauki mutum 5,209 a ka yi ta binsu shekaru, aka ga masu yawan kolestarol, da masu hawan jini, da masu shan taba su ciwon ya fi kamawa.

Kada a ce wannan ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 17.9 suka rasu saboda cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, fiye da kashi uku cikin huɗu kuwa a ƙasashen da ba su da wadata sosai. Wani babban bincike da aka yi a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba wajen kawo shanyewar ɓarin jiki a ƙasashen nan, rikicewar maiƙon jini kuwa tana biye da shi.

8. GADO DA ABINCI

Wajen mutum ɗaya cikin 250 a ke haifa da rabin ƙugiyoyinsa ba sa aiki. Irin wannan LDL ɗinsa a sama ya ke tun yana yaro, ko da siriri ne, ko da ba ya cin kitse. Wani lokaci a kan ga ƙulli a agararsa ko a bayan yatsunsa. In ɗaya daga cikin iyaye na da shi, kowane ɗa yana tsakanin ya gada ko kada ya gada, rabi da rabi. Akwai kuma wani ɗan'uwan LDL mai suna Lp(a), wanda Kåre Berg na ƙasar Norwe ya gano a 1963. Yawansa gado ne, abinci ba ya sauya shi sosai, ya fi kuwa yawa a jinin mutanen Afirka. Saboda haka rama ba shaidar lafiya ba ce, kamar yadda teɓa ba shaidar arziki ba ce.

Game da abinci, ga ƙa'ida mai sauƙi. Maiƙon da ke dasƙarewa in ya huce, kamar kitsen nama da man shanu, yana sa hanta ta rage ƙugiyoyinta, LDL ya hau. Man da ke zama ruwa, kamar man gyaɗa, da man riɗi, da man waken suya, in aka sa shi a madadin wancan, LDL ya kan sauka. Manja yana tsakani, gama wajen rabinsa irin mai dasƙarewa ne, amma jansa yana ba da bitamin A, sai a ci shi daidai wa daida. Mafi muni shi ne man da aka dasƙarar rabi da rabi a masana'anta, gama yana ƙara LDL, yana kuma rage HDL. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su kawar da shi daga abinci. Shawararta kuma ita ce kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da baligi ke samu daga abinci, mai dasƙarewa kuwa kada ya wuce kashi 10. Wake, da ganye, da hatsin da ba a surfe ƙwarai ba, da kifi, duk abokan lafiya ne.

Wannan magana ta manya ce. Kada a hana ƙananan yara mai. Wajen rabin ƙarfin da ke cikin nonon uwa daga maiƙo ya ke, ƙwaƙwalwar yaro kuwa da shi ta ke girma. A ƙauyuka da yawa abin da ke damun yara ƙarancin abinci ne, cokalin man gyaɗa ko manja cikin kununsu alheri ne.

9. YADDA A KE KARANTA TAKARDAR ASIBITI

Yawan maiƙon jini ba ya nuna alama, sai an auna. A kan ce mutum ya zo da safe bai ci kome ba awa 9 zuwa 12, don ayarin hanji ya wuce, ko da ya ke yanzu ba kowane awo ke bukatar haka ba. In an rubuta awon da miligiram cikin desilita, ga abin da a ke so ga baligi: jimlar kolestarol ƙasa da 200, LDL ƙasa da 100, HDL daga 40 zuwa sama ga namiji, daga 50 ga mace, maiƙon ajiya, wanda a ke rubutawa TG, ƙasa da 150. In da milimol cikin lita aka rubuta, to 200 ta zama 5.2, 100 ta zama 2.6, 150 ta TG kuwa ta zama 1.7. Wanda ke da ciwon sukari, ko ya taɓa ciwon zuciya ko shanyewar jiki, likita zai so LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da haka. Aikin magatakarda ya karanta ya bayyana, hukunci kuwa na likita ne.

Akwai magani mai suna sitatin. Akira Endo na ƙasar Jafan ya samo na farkonsa daga fumfuna a 1973, aka fara sayar da irinsa a Amurka a 1987. Yana rage wa hanta yin kolestarol, sai ta ƙara ƙugiyoyinta ta kwaso LDL daga jini. Kullum a ke shansa, in aka daina LDL ya komo inda ya ke. Ba a ba mai ciki sai da izinin likita.

10. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Na ɗaya, Hakimi ya fara da kansa. Aikin sarauta da na alƙalami aikin zama ne, mota ta maye gurbin doki da ƙafa, ga kuma walima ba ta ƙarewa. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna jininsa, da hawan jini, da sukari.

Na biyu, a sanar da dagatai da masu unguwanni, gidan da aka san maza na rasuwa farat ɗaya kafin shekara 55, ko mata kafin 65, 'ya'ya da 'yan'uwa su je awo ko da suna jin garau.

Na uku, a rage kitse da soye-soye da sukari, musamman wajen buɗa baki da bukukuwa. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali guda, a tuna kuma dunƙulen miya gishiri ne. A gargaɗi masu tuya su daina maimaita mai har ya yi baƙi.

Na huɗu, a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar. A bar taba.

Na biyar, wanda ya fi gaggawa. In aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ɗaya ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, ko kuwa ya ji nauyi a ƙirji mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da zufa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti nan da nan. A yi masa addu'a a kan hanya. Maganin da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa, a inda a ke da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko a ke bayarwa. Hakimin da ke da mota ya taimaka da ita, gama jinkirin yini guda ya kan bar magidanci a kwance har ƙarshen ransa, iyalinsa su shiga wahala.

Ana roƙon magatakarda su karanta wannan takarda a gaban dagatai ranar da suka taru, su kuma ajiye ta inda mai bukata zai same ta. Wanda bai gane wani wuri ba ya tambayi ma'aikacin lafiya na gundumarsa. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.